Darasi na 9: Mayar da ɗakin waje masaukin baƙi wanda kowa zai iya shiga

'Yan uwa mata, wannan darasi ba na kowace ƙungiya ba ne. Idan garinku ba ya samun baƙi masu kwana, ku saurara kawai don ilimi, amma kada wata ta ci bashin akwati a kansa. Idan kuwa kuna kusa da babbar kasuwa, ko babban asibiti, ko cibiyar da ake rubuta jarrabawar JAMB, ko wurin da jama'a ke zuwa kallo, to ku gyara zama, maganarku ce.

Saukar baƙo don kuɗi ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin fatake akwai fatoma, mutumin da ke ba ɗan kasuwa wurin kwana da abinci, ya adana masa kayansa, ya haɗa shi da masu saye. Abin da muke so mu ƙara a kai shi ne mace ta riƙe wannan sana'a da lissafi, kuma ɗakin ya zama wanda tsoho da mai keke da makaho za su iya kwana a ciki ba tare da an ciccibe su kamar buhu ba.

Su wa za su kwana?

Kafin a sayi siminti ko buhu ɗaya, a amsa wannan tambaya. Mutanen Maigatari sun san daren Laraba, don kasuwarsu Alhamis take ci. Na Wudil sun san daren Alhamis. Wannan ciniki ne na mako-mako, ba ya da yawa amma ba ya yankewa. Akwai kuma na lokaci guda: Hawan Sallah a Kano da Katsina da Zariya, masu zuwa Yankari yin wanka a ruwan Wikki, da bikin kamun kifi na Argungu da aka fara tun 1934 a kogin Matan Fada. Irin wannan yana kawo kuɗi a dunƙule, sai dai ba abin dogaro ba ne. Bikin Argungu ɗin nan sai da ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020. Wadda ta gyara ɗaki don shi kaɗai, kun ga ta sha jira.

Ni a ganina baƙin da suka fi tabbas su ne na asibiti. Wanda aka yi wa aikin ido aka ce ya dawo bayan kwana uku, garinsu kuma da nisa. Matar da ta kawo mahaifiyarta mai shanyewar ɓarin jiki. Mai ciki da aka ce ta zauna kusa saboda haihuwarta na da haɗari. Waɗannan ba su da kuɗin otal, kuma ko da suna da shi, da yawa daga ƙananan masaukai matakala ce ke tare su tun daga bakin ƙofa. Sai ka ga suna kwana a barandar asibiti ko a tasha. Ɗakin da aka gyara dominsu ba shi da abokin gasa.

Wane ɗaki, kuma na wa ne?

Ɗakin da ya dace shi ne wanda ƙofarsa ke kallon waje: shagon ƙofar gida, ko ɗakin samari da yara suka tashi suka bari, ko wanda ke jikin zaure. Baƙo ya shiga ya fita ba tare da ya ratsa tsakar gida ba. Idan ɗakinki na cikin gida ne, to ki tsaya a kan baƙi mata kawai. Wannan ba ragi ba ne, don mata masu jinya sun fi kowa neman wurin da za su sake, su cire mayafi, su yi wanki.

Yanzu ga maganar da take da nauyi, wadda mata da yawa ke jin kunyar tayarwa. Yawancinmu ɗakin ba namu ba ne. Na maigida ne, ko na gado ne da ba a raba ba. Ke ce za ki ci bashi, ke ce za ki biya, sunanki ne a littafin ƙungiya. To ranar da ɗaki ya yi kyau ya fara kawo kuɗi fa? Ƙanin miji zai iya cewa aure zai yi, ɗakin yake so. Abokiyar zama za ta iya cewa ai gidan na kowa ne, a raba. Ko maigidan da kansa ya riƙa karɓar kuɗin a zaure tunda shi ke gaisawa da baƙi, ke kuma ranar taro ki zo hannu rabbana.

Saboda haka kafin a taɓa komai, a zauna. A rubuta a takarda, da boko ko da ajami, duk wanda aka iya: an ba wance wannan ɗaki na tsawon shekara kaza, ita ke karɓar kuɗi, za ta riƙa ba mai gida kaza daga ciki, kuma idan aka karɓi ɗakin kafin lokaci za a mayar mata da abin da ta kashe. Shaidu biyu su sa hannu, ɗaya daga dangin miji. Kwafi ɗaya ya shiga akwatin ƙungiya, tunda kwaɗo uku ne a jikinsa, makullan kuma a hannun mata uku. Wasu za su ce ai tsakanin miji da mata babu rubutu. Ki ce da shi, cikin ladabi: "Malam, ba rashin yarda ba ne, ƙa'idar ƙungiya ce, ba sa ba da bashin gyaran gini sai sun ga takarda." Ku kuma ƙungiya ku mayar da shi ƙa'ida da gaske, don maganar tata ta zama gaskiya.

Daga titi zuwa gado

Hanya mafi sauƙi ta gane abin da ke buƙatar gyara ita ce ki bi sawun baƙo. Fara daga inda mota ko babur zai sauke shi. Akwai kwata a gaban gida? A ɗora mata murfin kankare mai faɗi, ba katako ɗaya mai lilo ba. Akwai yashi mai zurfi? Tayar keke nutsewa take yi, a daɓe wurin da tsakuwa da jar ƙasa.

Sai dokin ƙofa. Muna ɗaga shi saboda ruwan damina, kuma da gaskiyarmu, amma ga mai keke katanga ce. Maganinsa gangara. Ƙa'idar da magina ke bi a duniya ita ce ɗaya bisa goma sha biyu, wato duk inci 1 na tsayi yana son ƙafa 1 na tsawo. Idan dokin ƙofarki bulo ɗaya ne mai inci 9, gangarar ta kai ƙafa 9. Idan inci 6 ne, ƙafa 6. Birkila zai ce miki, "Hajiya, ai ƙafa uku ma ta isa, kada mu ɓata siminti." Kada ki yarda. Gangarar ƙafa uku ta tura babur ce. Mai keke in ya hau irinta baya zai kifa, tsohuwa mai sanda kuma santsi zai kwashe ta. Idan babu fili a gaba, a kwantar da gangarar ta bi jikin bango. Faɗinta kada ya gaza ƙafa 3, a yi mata ɗan baki a gefe don taya kada ta zame, a bar fili shimfiɗaɗɗe a sama gaban ƙofa inda mutum zai tsaya ya buɗe. Kafin simintin ya bushe a ja tsintsiya a kai ya yi kaushi.

Ƙofar kanta ta zama mai ƙafa 3, wato santimita 90. Keken asibiti yakan kai santimita 60 zuwa 70 a faɗi, ga kuma hannayen mai tura tayoyin. A cikin ɗaki a bar fili na juyawa mai faɗin ƙafa 5. Ga yadda za ki gwada ba tare da tef ba: yanki igiya mai ƙafa biyu da rabi, wata ta danne bakinta a ƙasa, ke ki zagaya da gawayi. Duk abin da ya shiga cikin da'irar, ko kwalla ce ko tebur, a fitar da shi. Ɗakin baƙi ba ɗakin amarya ba ne, ba ya son jere.

Wani abu da littattafan waje ba sa faɗa: a wajenmu da yawa ba keken asibiti suke hawa ba, keke mai ƙafa uku ne da ake tuƙawa da hannu. Wannan dogo ne, ba ya juyawa a ɗaki. Mai shi yakan sauka a bakin ƙofa ya shiga da hannu da gwiwa. Don haka yana buƙatar rumfa kusa da ƙofa inda zai ɗaure kekensa yara ba su yi wasa da shi ba, kuma yana buƙatar daɓe mai tsabta, busasshe, tun daga ɗaki har banɗaki. Inda ke kike takawa da silifa, shi tafin hannunsa yake sawa, hannun da zai ci abinci da shi. Ki riƙe wannan a ranki duk lokacin da kike shara.

Gado kuma ya danganta. Mai keken asibiti da tsoho mai ciwon gwiwa suna son gado mai tsayin inci 18 zuwa 20 har da katifa, daidai da mazaunin keke, mai ƙarfi wanda ba ya girgiɗi. Mai rarrafe ya fi son katifa a ƙasa. Ki tambaya kafin ya iso. Gidan sauro dole ne. Makunnin fitila da wurin cajin waya su kasance inda hannun mai zaune zai kai.

Banɗaki

Nan ne ake cin jarrabawa ko a faɗi. Na shiga masaukai da aka yi wa gangara mai kyau a gaba, amma ƙofar bayin ko mai ƙiba da ƙyar yake shiga. Baƙo zai haƙura da ɗaki mai zafi, amma ba zai dawo inda sai an ɗauke shi an kai shi bayi ba. Akwai tsofaffin da ke ƙin shan ruwa tun la'asar don kawai kada su nemi a raka su da dare, kuma wannan kan jawo musu wata cutar.

Ba sai kin sayi masai na zamani ba. Kafinta zai yi miki kujera mai ƙarfi mai huji a tsakiya, tsayinta inci 18, a shafa mata fenti mai don ta wanku, a ɗora a kan bakin salga. Mai son tsuguno ya ɗauke ta ya jingine. A gefe a kafa abin dafawa na bututun ƙarfe, irin na ruwa, tsayinsa kamar ƙafa biyu da rabi daga ƙasa, a binne ƙafafunsa cikin kankare. Kada a maƙala shi a bangon ƙasa da ƙusa, zai fita da mutum. Ki gwada da kanki, ki rataya da dukan nauyinki.

Ƙofar bayi ta buɗe waje. Dalili: idan mutum ya faɗi a ciki jikinsa zai tokare ƙofar da ke buɗewa ciki, ba yadda za a kai gare shi. A wurin wanka a sa benci ko kujerar roba mai ƙwari, bokiti da buta su kasance a kan dakali ba a ƙasa ba. Ruwa ya samu hanyar fita, kuma a riƙa kankare gansakuka kowane mako. Wannan bencin shi ne kuma zai yi wa tsoho amfani wajen alwala. A ɗaki ma a ajiye kujera ɗaya ga mai salla a zaune.

Makaho da kurma

Nasu gyaran kusan ba ya cin kuɗi, hankali yake ci. Ga makaho, a ɗaura igiya a tsayin ƙugu daga ƙofar ɗaki zuwa bayi, da ƙulli a inda ake kwana. Ranar da ya iso a zagaya da shi sau ɗaya: ga gado, ga buta, ga ƙofa, alƙibla tana nan. Daga nan kada a matsar da komai. Yarinya mai son gyara ta ɗauke butar ta mayar wani lungu, ita a ganinta ta kyauta, shi kuwa ta ɓatar da shi. Igiyar shanya ta fi ƙarfin kai, ƙofa kuma ko a rufe ko a buɗe gaba ɗaya, rabi-rabi ita ke fasa goshi. Ga masu gani dishi-dishi, kamar waɗanda aka yi wa aikin ido, a shafa farin fenti a bakin gangara da bakin ƙofa, a bar fitilar sola a hanyar bayi.

Kurma ba zai ji sallama ko ƙwanƙwasa ba. Ku shirya tun farko yadda za a kira shi, ko saƙon waya ko haska tocila ta taga. Farashi da lokacin abinci a rubuta a manna a bango. Idan kina magana ki fuskance shi a wurin haske, ihu ba ya ƙara komai.

Abu ɗaya da ya shafi kowa: janareta ba ya kwana kusa da tagar ɗaki, kuma da hunturu kada a ba baƙo kaskon gawayi ya rufe ƙofa. Gubar da ke cikin hayaƙinsu ba ta wari, tana kashe mutum cikin barci.

Yadda ake mu'amala

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma a nan akwai shimfiɗar fuskar da ke ƙona rai. Kada a tarbe shi da "Allah sarki" da "wayyo". Mai ciniki ne, da kuɗinsa ya zo, ba bara ya zo ba. A yi magana da shi kansa, ba da ɗan jagoransa ba. Ba a kama keke ko sanda sai an tambaya: "Baba, in taimaka?" In ya ce a'a, shi ke nan. A kira shi da sunansa, ko Malam, ko Inna, ba da lalurarsa ba, kuma a ja wa yara kunne kada su taru a ƙofa suna leƙe.

Kuɗin ɗaki ɗaya ne ga kowa. A Nijeriya akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta tanadi tarar ₦100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun, ga mutumin da ya nuna wariya. Ba don in tsorata ku na faɗa ba, don ku san abin da kuke yi yana kan hanya.

Lissafi

Bari mu yi misali, kuɗin nan na koyo ne kawai, ku sa farashin kasuwarku na yau. A ce gyara duka ya ci ₦90,000. Ka'idarmu ba a cin bashin da ya wuce ninki uku na ajiya, kenan sai mai ₦30,000 a akwati. A ce kwana ɗaya ₦4,000 ne, ruwa da sabulu da wankin zanin gado da caji suna cin ₦1,000. Saura ₦3,000. Kenan sai an kwana 30 a ɗakin kafin kuɗin gyara ya dawo.

Idan baƙonki na daren kasuwa ne, kwana 4 ne a wata, ₦12,000. A wata uku, lokacin da bashin ƙungiya ke cika, kin tara ₦36,000. Ina za ki samo ₦54,000, ban da kuɗin hidima idan ƙungiyarku na karɓa? Daga nan ne ake sayar da akuya, ko a fara ɓuya ranar taro. Kuma kuɗin da bai dawo ba na sauran mata ne, rabon ƙarshen zagaye na kowa zai ragu.

To me za a yi? A raba aikin. Zagayen farko: banɗaki da gangara, su ne ginshiƙi. Katifa da gidan sauro a fara da na gida. Faɗaɗa ƙofa ya jira kuɗin rabo, wanda naki ne ba bashi ba. Kada ki ci bashin da ba za ki iya biya daga ƙuli-ƙulinki ko ɗinkinki ba ko da baƙo ɗaya bai zo ba. Sannan ki tuna sau da yawa ribar tana cikin kwano: kunu da ƙosai da safe, tuwo da dare, ruwan zafi, wankin kaya. Mai jinya ba ta da lokacin girki. Wata dabara kuma, mata biyu ko uku su haɗa: mai ɗaki, mai abinci, mai wanki, kowa da kasonta a rubuce. Matan da suka fara irin wannan ƙungiya tamu a yankin Maraɗi a 1991 Mata Masu Dubara aka kira su, ba mata masu gaggawa ba.

Tsaro da mutunci

Zamanin nan ba a saukar da wanda ba a sani ba. Kafin ki fara, maigida ko wani babba ya kai maganar wurin mai unguwa, kuma a tambaya a sakatariyar ƙaramar hukuma ko akwai rajista ko kuɗin da ake biya. Ki ajiye littafi: sunan baƙo, garinsu, lambar waya, wanda ya turo shi, ranar zuwa da ta tafiya. A duba katin ɗan ƙasa ko na zaɓe. Namiji da mace da ba ki san tsakaninsu ba, ki ba su haƙuri. Suna ɗaya in ya ɓaci a unguwa, ba naki kaɗai ba ne, har na ƙungiya. 'Yan mata ba sa kai abinci ɗakin baƙo namiji, a aiki yaro ko a ajiye a zaure. Kuɗi a karɓa kafin a ba da makulli, idan kuma tiransifa ce a tabbatar ta shiga asusu, don akwai alat na ƙarya.

A Abuja da Legas ana tallar irin wannan ɗaki a intanet ta Airbnb. Mu namu tallan a baki yake: direbobin tasha, dillalan kasuwa, ma'aikatan jinya, limamin unguwa. Ku je wurin Sarkin Makafi da Sarkin Guragu na garinku, ko reshen ƙungiyar JONAPWD idan akwai. Su ne suka san masu tafiya, kuma su ne za su gaya muku gaskiyar ɗakin. Idan za a tura hoto ta WhatsApp, a ɗauki ƙofa da bayi da gangara, ba labule da fulawar roba ba. Abin da babu a ce babu. Wanda ya taso daga nesa da keke ya tarar ƙofa ba ta shiguwa, ba shi da wani wurin da zai koma a daren.

Aikin wannan mako

Ku zaɓi gida ɗaya a cikinku. Ku je da igiya da gawayi da tef na tela, ku gayyaci mutum ɗaya mai keke ko tsohuwa mai sanda, ku biya ta kuɗin mota da na lokacinta. Ta bi hanya daga titi zuwa gado zuwa bayi, ku kuma ku yi shiru ku kalla, magatakarda na rubuta duk inda ta tsaya. Ma'aji ta tambayo farashin siminti, yashi, bututun ƙarfe da aikin kafinta. Taro mai zuwa za mu sa waɗannan kuɗin a gurbin na misali, mu ga ko kwana nawa ɗakin zai yi kafin ya biya kansa.